Zaɓe da Shiga Ƙungiyoyin Ƙasashe: Yadda Abin Yake

Ƙungiyoyi irin su ECOWAS, Tarayyar Afirka da Kwamanwel, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, suna duba yadda shugaba ya hau mulki kafin su karɓi ƙasa ko su bar ta a cikinsu. Kwamanwel ta rubuta wannan sharaɗi a sanarwar Harare ta 1991, ECOWAS kuma a yarjejeniyar Dakar ta 2001.

Najeriya ta ɗanɗana wannan. A zaɓen 12 ga Yuni 1993, M.K.O. Abiola ya tsaya takara tare da ɗan Borno, Baba Gana Kingibe, amma gwamnatin Babangida ta soke zaɓen. Daga baya Janar Abacha ya karɓi mulki. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamba 1995, Kwamanwel ta dakatar da Najeriya, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai 29 ga Mayu 1999, ranar da aka rantsar da Obasanjo bayan ya ci zaɓe. A 2003 ma a Abuja aka yi taron shugabannin ƙungiyar.

A Gambiya kuwa, Yahya Jammeh ya fitar da ƙasar daga Kwamanwel a 2013. Da Adama Barrow ya kayar da shi a zaɓen Disamba 2016, sai Gambiya ta koma a Fabrairu 2018.

Misali na kusa shi ne Nijar. Sojoji sun hamɓarar da zaɓaɓɓen shugaba Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta dakatar da ƙasar, aka rufe boda har zuwa Maris 2024. Nijar ta haɗa kai da Mali da Burkina Faso suka kafa AES, suka fice daga ECOWAS a Janairu 2025.

Abin ya shafi aljihunmu kai tsaye. Shanu da yawa da ake lodawa daga Maiduguri zuwa Oko-Oba a Legas ko Lokpanta a Abiya, daga Nijar da Chadi suke shigowa. Idan boda ta rufe, dillali a Dala zai ji a jikinsa, mahauci a Sabo ma haka. Saboda haka, in lokacin zaɓe ya zo, a tambayi ɗan takara yadda zai zauna da maƙwabta, kuma a kula ko an ƙidaya ƙuri'a da gaskiya.