Wasiƙar soja da tallar kishin ƙasa a Amurka, 1942-1945

Sa'ad da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, cikin Disamba 1941, shugabannin soja sun lissafa wasiƙa cikin kayan yaƙi. Sun lura cewa sojan da ya daɗe bai ji ɗuriyar gida ba, gwiwarsa sanyi take yi. Amma kuwa buhunan wasiƙu suna tare wurin harsashi da abinci cikin jirage.

Don haka, cikin Yuni 1942, aka ƙago tsarin da ake kira V-Mail, bisa koyi da wanda Ingila ta soma a 1941. Mutum ya rubuta saƙonsa a kan wata takarda ta musamman, shafi guda tak. A ɗauki hotonta a kan siririn fim, a kai fim ɗin ƙetare ta jirgin sama, can a wanke shi, a miƙa wa soja ƙaramin hoton wasiƙarsa. Wasiƙu 150.000, waɗanda da sai buhu 37, sun koma buhu guda.

Saura a shawo kan jama'a, kuma nan talla ta shigo. Gwamnati ta lilliƙa hotuna, ƴan kasuwa suka cika jaridu da kira ga uwa da mata da budurwa: a rubuta a kai a kai, a taƙaita, kada a ɗora wa soja kukan gida. Kamfanonin alƙalami, kamar Parker da Sheaffer, suka riƙa tallar baƙar tawada, tun da mai haske ba ta fitowa sosai a hoto. Kishin ƙasa da neman riba suka ci ƙwarya guda, ba tare da wata kunya ba.

Sai dai dukan wannan kira ya ɗauka cewa sojan ya iya karatu. Ba haka abin yake ba ga dubbai daga cikinsu. Tun tsakiyar 1943, rundunar ta riƙa tura sababbin sojoji marasa karatu zuwa azuzuwa na musamman, na ƴan makonni, kafin horon yaƙi. Littafinsu, Army Reader, yana bin rayuwar wani ƙirƙirarren soja, Private Pete, kuma an keɓe kashi guda cur ga yadda yake rubuta wasiƙa gida. Masu tsara darussan sun gane cewa baligin da ke son karanta saƙon matarsa da idonsa, ba tare da abokin barikinsa ya ji sirrinsa ba, ba ya bukatar a lallashe shi zuwa aji. An rufe tsarin V-Mail cikin Nuwamba 1945.