Wasiƙa Daga Manchester: Aikin Gayya a Gindin Tsauni

 

Ran Asabar ɗin nan wani dattijon Bature, maƙwabcina, ya ja ni zuwa Hayfield, wani ƙauye da ke gindin tsaunin Kinder Scout, ba nisa da Manchester. Na ɗauka yawon buɗe ido za mu, sai ga shi an miƙo mini shebur. Muka wuni muna yashe magudanar ruwa a gefen wata 'yar hanyar ƙafa, kuma ba wanda aka biya ko sisi. Gayya ce sosai, sai dai babu kiɗa babu fura, shayi kawai a filas. Abin ya ba ni mamaki, shi ya sa na bi asalinsa.

Ashe tun 1826 mutanen Manchester suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin hanyoyin ƙafa, bayan wani mai ƙasa a Flixton ya toshe hanyoyin da talakawa suka saba bi. A 1894 wata ƙungiyar ta gaje ta, wadda yanzu ake kira Peak and Northern Footpaths Society. Har gobe 'yan sa-kanta ne ke zagaya hanyoyi, su kafa alamun ƙarfe, in sun ga an toshe wata su kai ƙara hukuma.

Amma ranar da kowa yake tunawa ita ce 24 ga Afrilu, 1932. A lokacin Kinder Scout wurin farautar masu hannu da shuni ne, suna harbin wani tsuntsu mai kama da makwarwa, an kuma zuba masu gadi. Ma'aikacin masaƙa ya sha hayaƙi kwana shida, ran Lahadi ba shi da ikon hawa ya shaƙi iska. Sai wani saurayi ɗan Manchester, Benny Rothman, mai shekara 20, ya jagoranci mutum kamar 400 suka hau da gangan. Aka yi 'yar hatsaniya da masu gadi, aka ɗaure mutum 5, shi Rothman wata 4. Ɗaurin nan ya jawo musu tausayin jama'a. A 1949 aka yi dokar da ta tilasta wa hukumomin yanki su zana taswirar hanyoyin da jama'a ke da haƙƙin bi, a 1951 yankin Peak District ya zama gandun ƙasa na farko, sai a 2000 kuma doka ta buɗe irin waɗannan tsaunuka ga mai tafiya da ƙafa. Shekara 68 ke nan, jama'a!

A Birmingham, inda nakan je wajen 'yan'uwa, hanyoyin na bakin ruwa ne. Garin cike yake da magudanan da aka haƙa don jiragen dakon gawayi, a gefensu da hanyar da doki yake bi yana jan jirgi. Da jirgin ƙasa da manyan motoci suka ƙwace dakon, wuraren suka zama juji. 'Yan sa-kai ne suka tsaya, suka kafa Birmingham Canal Navigations Society a 1968. A shekarar nan dai mutum sama da 600 suka yi gayyar yashe magudanar Ashton a Manchester. Yau a kan hanyoyin nan ake zuwa aiki da keke.

Ina riƙe da shebur ɗin nan burtalin garinmu ya faɗo mini a rai. Da ina yaro garke guda yana wucewa a sake. Zuwana na ƙarshe na tarar ko saniya biyu ba sa jerawa, kowace damina gona ta ci taki ɗaya, kuma kun san abin da hakan ke haifarwa tsakanin manomi da makiyayi. Kowa ya san burtali ne, amma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki nauyin zagaya shi ya duba ba. Ni ma ban yi ba, kuma gonarmu tana cikin waɗanda suka matsa.

Na buga wa Kawu waya a kan maganar, ya ce in bari sai na zo da kaka mu tafi wajen Mai Gari tare. Kafin nan, dattijon nan ya riga ya sa sunana a aikin wata mai zuwa, bayana kuwa har yanzu bai daina ciwo ba.

Sai wata wasiƙar, in Allah ya kai mu.