Yadda Aka Koya wa Kwamfuta Barci: Tarihin Wata Al'adar Ofis

Al'adar barin kwamfuta a kunne dare da rana ta samo asali ne daga zamanin da kashe na'urar ya fi barinta a kunne haɗari. Kwamfutocin farko suna aiki ne da kwalaben lantarki masu kama da ƙwan fitila, waɗanda sai siririn zaren da ke cikinsu ya ɗau zafi kafin su soma aiki, kuma fitowa daga sanyi zuwa zafi a lokacin kunnawa ita ce ta fi saurin tsinka zaren. Tommy Flowers, injiniyan hukumar gidan waya ta Birtaniya wanda ya ƙera Colossus domin warware saƙonnin sirri na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, ya riga ya fahimci haka tun yana aikin na'urorin tarho, shi ya sa da na'urar ta kama aiki a 1944 aka riƙa barinta a kunne. Ita ma ENIAC, wadda aka bayyana wa jama'a a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1946, mai kwalabe sama da 17,000 da ke shan wutar da ta kai kusan kilowat 150, an gano cewa rage yawan kashe ta yana rage mutuwar kwalabenta.

Da taransista, wato ƙaramin makunnin lantarki da ba ya buƙatar ɗumama, ta maye gurbin kwalabe, kana kwamfutar tebur ta cika ofisoshi bayan fitowar ta kamfanin IBM a 1981, sai wancan dalili ya gushe amma al'adar ta zauna daram, aka kuma samo mata sababbin hujjoji: wasu na cewa yawan kunnawa yana gajiyar da faifan ajiyar bayanai, wasu kuma jiran na'urar ta tashi da safe ne ba sa so. Allon wancan lokaci, mai ƙaton ƙeya irin na tsohuwar talabijin, yakan riƙe tabon duk hoton da ya daɗe a kansa bai motsa ba, don haka aka ƙirƙiro manhajojin kare allo, waɗanda fitacciyarsu ita ce After Dark ta 1989, mai nuna na'urorin gasa burodi masu fikafikai suna shawagi a cikin duhu. Ma'aikata da dama sun ɗauka na'urar hutawa take yi, alhali allon da kwamfutar suna ci gaba da zuƙar wuta.

Sauyin ya zo ne a 1992, lokacin da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙaddamar da shirin Energy Star, wanda a wancan lokaci yake bai wa kwamfuta ko allo tambarin yabo idan zai iya shiga barci da kansa bayan an ɗau lokaci ba a taɓa shi ba, kuma shan wutarsa a wannan hali bai wuce wat 30 ba. Shiga shirin ganin dama ne, amma a watan Afrilun 1993 Shugaba Bill Clinton ya umarci hukumomin gwamnatin tarayya su riƙa sayen na'urori masu wannan tambari, kuma da yake gwamnatin ce babbar mai sayen kwamfuta, kamfanoni ba su da zaɓi face su bi. Intel da Microsoft sun fitar da ƙa'idar sarrafa wuta mai suna APM a 1992, sannan a 1996 suka haɗa kai da Toshiba suka fitar da ACPI, wadda ta miƙa ragamar ga babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar. A ƙarƙashin ACPI aka bambanta ƙaramin barci, inda aikin da ake ciki yake zama a ƙwaƙwalwar wucin gadi da ɗan ƙanƙanin lantarki, da dogon barci, inda ake kwashe aikin zuwa faifai a katse wutar.

Duk da haka, ofisoshi da yawa sun toshe wannan tsari, saboda masu kula da na'urori da dare suke sabunta manhajoji, kuma kwamfutar da ta yi barci ba ta amsa kira, matsalar da ta sa AMD da Hewlett-Packard suka ɓullo da dabarar tayar da na'ura daga nesa a tsakiyar shekarun 1990. Daga nan hankali ya koma kan wutar da ke zurarewa daga na'urar da aka kashe amma aka bar ta jone da soket: Hukumar Makamashi ta Duniya ta kawo shawarar ƙayyade ta a wat ɗaya a 1999, Tarayyar Turai kuma ta mai da hakan doka ga kayan lantarki na gida da na ofis daga 2010, ta rage zuwa rabin wat a 2013. Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, mafi yawan tsimin da aka samu ya fito ne daga saitin da na'ura ke barin masana'anta da shi da kuma sharuɗɗan manyan masu saye, domin mai amfani da kwamfuta ba kasafai yake sauya abin da ya tarar an saita masa ba.