Sinadaran daskarar da epoksi da haske

Sinadaran daskarar da epoksi da haske wasu gishirai ne da ake zubawa kaɗan a cikin ruwan epoksi domin ya ƙage ya yi tauri da zarar hasken UV ya haska shi. Sun bambanta da gam irin Araldite, wanda sai an gauraya ruwa biyu kafin ya kama. Wannan ruwa ɗaya ne, kuma yana nan a narke muddin yana cikin duhu.

Tarihi

An fara da gishirin diyazoniyam, amma yana fitar da iskar naitirojin wadda ke barin kumfa a jikin fenti. A shekarun 1970 James V. Crivello, masanin kimiyyar sinadarai a kamfanin General Electric na Amurka, ya samar da gishirin ayodoniyam da na salfoniyam, waɗanda ba sa wannan kumfa kuma suna jure ajiya. Su aka fi amfani da su har yau.

Yadda suke aiki

Idan haske ya faɗa kan gishirin sai ya fashe ya saki asid mai ƙarfi. Asid ɗin yana buɗe zoben epoksi mai atom uku, wato kabon biyu da oksijin ɗaya, sai ƙwayoyin su sarƙe da juna su zama roba mai tauri. Iskar oksijin ba ta hana wannan aiki, kuma yana ci gaba ko bayan an kashe fitila. Danshi da sinadarai masu kanwa-kanwa kuwa suna rage masa gudu.

Amfani

Ana amfani da su a fentin gwangwani, tawadar ɗab'i, gam na kayan lantarki, da injinan buga abubuwa na 3D. SU-8, wanda kamfanin IBM ya ƙirƙira don sassaƙa ƙananan kayan lantarki, epoksi ne mai gishirin salfoniyam.

Yanayi da ajiya

A gari mai zafi da rana kamar Sakkwato, inda zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, dole a ajiye ruwan a baƙar kwalba cikin inuwa, domin hasken rana ma yana ɗauke da UV. Busasshiyar iskar hunturu tana taimaka masa ya kama da wuri, laimar damina kuma tana jinkirta shi. Ɗanyen ruwan yana sa ƙaiƙayin fata, hasken UV kuma yana cutar da ido, shi ya sa ake sa safar hannu da tabarau.