Yadda Likita Ya Sami Ganin Huhun Jariri

Yau za mu ba ku tarihin yadda aka koyi taimakon bakwaini wajen numfashi.

Kun san a da, in aka haifi bakwaini yana nishi, ungozoma ba ta da dabara sai ta lulluɓe shi. Likita ma kunne kaɗai ya ke da shi, da abin sauraron ƙirji wanda Laennec, mutumin Faransa, ya ƙago cikin 1816.

Cikin 1959 likitoci biyu a Amurka, Avery da Mead, suka gano dalili. Akwai wani maiƙo cikin huhu wanda ke hana shi mannewa, bakwaini kuwa bai gama yinsa ba. Ganewa dai ba magani ba ce, gama cikin 1963 ciwon nan ya ɗauke jaririn Shugaba Kennedy. Sai 1971 Likita Gregory ya nuna a riƙa tura wa jariri iska a hankali, don huhu ya zauna a buɗe. Cikin 1980 kuma Fujiwara a Japan ya zuba maiƙon nan cikin huhun jarirai, suka sami sauƙi.

To, saura a san wanda iska ta ishe shi da wanda sai an ba shi maiƙo. Nan na'urar hoton ciki ta shigo, watau irin wadda a ke duba masu juna biyu da ita. Likita Donald ya bayyana amfaninta a Glasgow cikin 1958. An daɗe ana zaton ba ta iya duba huhu. Amma cikin 2015 likitocin Faransa suka nuna in an ɗora ta a ƙirjin jariri, huhun da ba iska sosai ya kan fito fari fat. Da haka likita ke yanke shawara nan take, jariri yana kwance a gadonsa.

Amma fa na'ura ba ta ganin wanda aka bari a ɗaki. In jariri yana nishi, ko haƙarƙarinsa na faɗawa, ko leɓensa ya yi shuɗi, ko numfashinsa ya wuce 60 a minti guda, kada ku jira wayewar gari, kada ku jira suna. Uwa ta manna shi a ƙirjinta don ɗumi, ku kai shi asibiti. In an ce ku wuce Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ku wuce.

Allah ya raya mana su, amin.