SKF: Kamfanin boris da lakar Gothenburg ta haifa

Birnin Gothenburg da ke gaɓar tekun yammacin Suwidin, a kan laka aka gina mafi yawansa. Gini mai nauyi yakan riƙa zama a hankali, wani ɓangaren ya fi wani nutsewa. A farkon ƙarni na 20 wannan ya zame wa masaƙar Gamlestaden ƙarfen ƙafa. A wancan zamanin inji guda ne ke juya wata doguwar sandar ƙarfe da ta ratsa rufin masaƙa, daga gare ta bel ke saukowa yana juya kowane injin saƙa. Da gini ya ɗan zauna sai sandar ta karkace, boris ɗin da ke riƙe da ita ya ɗau zafi ya cinye kansa, aiki ya tsaya cak. Ga shi daga Jamus ake odar boris, sai an yi ta zaman jira kafin ya iso.

Alhakin gyara yana wuyan wani injiniya mai shekara talatin, Sven Wingquist. Tunda ba shi da ikon hana ƙasa motsi, sai ya nemi boris da zai bi karkatar sandar maimakon ya yi gardama da ita. Ya jera ƙwallayen ƙarfe layi biyu a kan zoben ciki, ya kuma rarake cikin zoben waje ya yi lanƙwasa kamar cikin ƙwarya. Da haka zoben ciki da ƙwallayensa suna iya ɗan jirkicewa su bi sanda, juyi kuma bai tsaya ba. A 1907 ya samu takardar mallakar wannan fasaha, a ranar 16 ga Fabrairun shekarar kuma aka kafa Svenska Kullagerfabriken, wato SKF. Masu masaƙar, musamman Axel Carlander, su suka zuba jari. Abin da ya fi burge ni a tarihin nan ke nan: iyayen gida sun saurari mai gyaran injinsu, suka ba shi kuɗi da wurin aiki, ba su ce masa ya tsaya a matsayinsa ba. A shekarar farko ma'aikata 15 ne, boris ɗin da suka ƙera bai wuce 2,200 ba, kuma asara aka yi.

Wingquist ba shi ya fara boris ba. Tun 1883 Friedrich Fischer ya ƙera injin goge ƙwallayen ƙarfe a garin Schweinfurt na Jamus, Henry Timken kuma ya samu takardar mallakar nasa samfurin a Amurka a 1898. Inda SKF ya sha bamban shi ne saurin fita waje. Mutanen Suwidin a lokacin ba su kai miliyan shida ba, kasuwar gida ba za ta riƙe masana'antar da ke son girma ba. Don haka tun kamfanin yana rarrafe ya buɗe ofisoshi a Jamus da Faransa. A 1911 ya kafa masana'antarsa ta farko a ƙasar waje, a garin Luton na Ingila, zuwa 1912 kuwa yana da wakilai a ƙasashe 32. A 1916 ya sayi masana'antar narka ƙarfe ta Hofors, domin ingancin boris daga tsabtar ƙarfensa yake farawa: ɗan ƙurar da ido ba ya gani, in ya maƙale a cikin ƙarfe, daga nan tsaga za ta taso.

Mutum na biyu da ya kamata a riƙe sunansa shi ne Arvid Palmgren. A 1919 ya fito da boris mai amfani da gungumomin ƙarfe masu tumbi a madadin ƙwallaye, wanda shi ma yana bin karkata amma yana ɗaukar nauyin da ƙwallo ba zai iya ba. Irinsa ake sa wa jiragen ƙasa da injunan takarda da na fasa dutse. Babban aikinsa kuwa lissafi ne. Kafin shi, sanin tsawon ran boris sai dai kintace. Palmgren, daga baya tare da Gustaf Lundberg a 1947, ya tsara hanyar ƙididdige yawan juyin da boris 90 cikin 100 za su yi kafin su gaji, kuma a kan aikinsu aka gina ma'aunin da duniya ke bi har yau. Lissafin ya nuna abin da ya kamata duk mai lodi ya sani: idan aka ninka nauyin da ke kan boris mai ƙwallaye sau biyu, ransa ba rabi zai koma ba, kashi ɗaya cikin takwas zai koma. Direban da ke shaƙe motarsa da buhuna sannan ya riƙa zargin bakanike, da wannan lissafin yake faɗa.

A 1915 SKF ya yi rajistar sunan Volvo domin wani samfurin boris, sannan sunan ya kwanta ba a amfani da shi. Manajan tallace-tallacen kamfanin, Assar Gabrielsson, da injiniya Gustaf Larson, su suka shawo kan shugabanni cewa Suwidin za ta iya ƙera motarta. Ranar 14 ga Afrilu 1927 motar Volvo ta farko ta fito daga masana'anta a Gothenburg. A 1935 Volvo ya shiga kasuwar hannun jari ya tsaya da ƙafafunsa.

A 1929 SKF ya haɗiye kamfanonin boris da dama na Jamus, ya dunƙule su wuri guda da cibiya a Schweinfurt. Zuwa 1930 yana da masana'antu 12 da ma'aikata kusan 21,000, mafi yawansu a wajen Suwidin. Wannan faɗaɗar ce ta jefa shi cikin babin da ya fi muni a tarihinsa. Jirgin yaƙi, tankar yaƙi, jirgin ƙarƙashin teku, babu wanda zai motsa ba boris. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, masana'antun SKF na Luton da Philadelphia suna yi wa ƙasashen Ƙawance masu yaƙar Jamus aiki, na Schweinfurt suna yi wa Hitler, uwar kamfani kuma a Suwidin, ƙasar da ta ce ba ruwanta da yaƙin, tana sayar wa Jamus. Amurkawa sun yi imani cewa in aka rusa Schweinfurt an karya gwiwar sojan Jamus. Suka kai hari ranar 17 ga Agusta 1943, suka sake komawa ranar 14 ga Oktoba, inda a wannan rana kaɗai aka kakkaɓo musu jirage 60 daga cikin 291. Ingila ita ma ta matsu da kayan Suwidin, har tana aika jirage masu sauri zuwa Stockholm da dare, da ƙananan jiragen ruwa da ke keta shingen Jamus, su kwaso boris. Sai a Oktoban 1944, bayan matsin lamba mai tsanani daga Amurka da Ingila, SKF ya daina aika wa Jamus kaya. Masu kare kamfanin sukan ce Suwidin tana kewaye da sojan Jamus, kuma tana buƙatar kwal daga can. Haka ne. Amma an ci gaba da cinikin har bayan da kowa ya ga inda yaƙin ya dosa, an kuma ci riba, matasa suna mutuwa a sararin Schweinfurt domin hana abin da ake lodawa daga Gothenburg. Ban ga yadda za a wanke wannan ba.

Bayan yaƙi duniya ta shiga zamanin mota da firji da fanka, kasuwa ta buɗe. A Indiya, inda SKF ya fara ciniki a Kalkata tun 1923, ya buɗe masana'anta a Pune a 1965. Sai kuma Japanawa suka taso, NSK da NTN da Koyo, da kaya masu kyau a farashi mai sauƙi. A shekarun 1970 dole SKF ya sake tsari. A da kowace masana'antarsa ta Turai tana ƙera kusan komai domin ƙasarta. Sai aka raba aiki, kowacce ta riƙe wasu samfura ta ƙera wa kowa. Ma'aikata da yawa sun rasa aiki, kamfanin ya tsira. Ya kafa cibiyar bincike a Nieuwegein ta ƙasar Holan, daga baya ya shiga harkar giris da na'urorin da ke sauraron girgizar inji su gano boris zai mutu tun kafin ya mutu. A yau yana da ma'aikata kusan 40,000, kayansa suna isa ƙasashe wajen 130, kuma a 2024 ya sanar da cewa zai ware sashensa na kayan motoci ya zama kamfani mai zaman kansa.

Wani abu da ya sa cinikin boris ya game duniya shi ne lamba. Boris mai lamba 6204 raminsa milimita 20 ne, faɗinsa na waje 47, ko a Suwidin aka ƙera shi ko a Sin. Shi ya sa mai injin niƙa zai shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya faɗi lamba kawai a miƙo masa. Amma wannan sauƙin shi ya buɗe wa 'yan jabu ƙofa. Ana ɗaukar boris mai arha, a buga masa haruffa uku, a sa shi a kwali mai kama da na asali, har tsohon ɗan kasuwa sai ya ruɗe. A injin niƙa asarar ta tsaya kan kuɗi da yinin aiki. A ƙafar motar haya da ke gudu a babbar hanya kuwa, rayuka ne. Manyan masu ƙera boris sun haɗa kai suna yaƙar jabu, SKF kuma ya fitar da manhajar waya da mai saye zai ɗauki hoton boris da kwalinsa ya tura, ƙwararrun kamfanin su duba su gaya masa ko nasu ne.