Yadda allurar LA ta shiga rugagen Adamawa

Tun kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, makiyayin wannan ƙasa yana da hanyoyinsa na jinyar garke: saiwa da sassaƙe, lalas da ƙarfe mai zafi, in ciwo ya tsananta a tashi a sauya mashaya. Annobar bushiya ta wajajen 1890 ta fi ƙarfin duk wannan, ta share garkuna.

Da Turawa suka mayar da sashen kula da dabbobi daga Zariya zuwa Vom a 1924, rigakafi suka sa gaba. Malamin dabbobi ne ke riƙe da allura, makiyayi ya kawo shanu. Maganin kashe bakteriya sai daga baya: kamfanin Pfizer na Amurka ya fito da Terramycin a 1950, sannan aka yi nau'insa mai daɗewa a jiki, wanda kowa ke kira LA. Allura ɗaya ta yi aikin kwanaki. Ga mai tafiya mashekari, wannan babban sauƙi ne, kuma ta ceci shanu da yawa daga kirci da ruɓewar kofato.

Tsuke bakin aljihu na 1986 ne ya sauya hannun da ke riƙe da sirinjin. Kuɗin asibitocin dabbobi ya ragu, magani ya koma shagunan Jimeta da teburan karar Ngurore. Makiyayi ya zama likitan kansa, don ba shi da zaɓi. Masu kiwon alade na wajajen Numan ma haka.

A ciwon huhu illar wannan sauyi ta fi ta da hankalina. LA da maganin tailosin suna kwantar da tari da zazzaɓi, amma sau da yawa cutar na maƙale a huhu. Sai a ga saniya ta miƙe, a kai ta kara, ta shafa wa wani garken. Boru kuwa bairus ne, allurar ba ta kashe shi.

Najeriya ta fitar da shirin ƙasa kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani a 2017. A jikin kowace kwalbar magani akwai kwanakin da ya kamata a jira kafin yanka ko tatsa, amma da Turanci aka rubuta su, kuma mai talla ba kasafai yake karanta wa mai saye ba.